Kundin aikin tayar da Nokia 3310 ɗin Baffa

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Aikin da na ɗauka shi ne tsohuwar Nokia 3310 ɗin Baffa ta koma kira da amsa kira kafin azumi. Babbar wayar da 'ya'yansa suka saya masa ta gagare shi. Shafa gilashi ba nasa ba ne, ga shi kullum sai an kai ta caji, a garin da wuta ba ta zuwa sai ta ga dama. Ya ce tsohuwarsa yake so, aka zaro ta daga adaka aka aiko mini.

Halin da na same ta: kesin shuɗi mai duhu ya koɗe, murfin baya ya tsage, lambar 5 da babban maɓallin tsakiya sun goge saboda danni. Batir ya fitar da farin gari a bakinsa. Babu caja. Takardar da ke ƙarƙashin batir ta nuna NHM-5, wato 3310 ta asali, ba wadda kamfanin HMD ya sake fitarwa a 2017 mai kala da kyamara ba.

Ga wanda bai riske ta ba, a watan Satumban 2000 Nokia ya sanar da ita, ta gaji 3210, aka sayar da guda miliyan 126 a duniya. Ta zo daidai da shigowar GSM Najeriya a watan Agustan 2001, lokacin da layi kaɗai yake kai wa naira dubu ashirin, minti ɗaya kuma naira 50, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Baffa bai mallake ta ba sai bayan 2003, da aka fara lissafin kira da daƙiƙa, farashin layi ya sauko.

Tsawonta milimita 113, faɗi 48, kauri 22, nauyi giram 133. A hannu ana jin ta.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na buɗe ta. Murfin gaba da na baya da hannu ake zare su, da ma an yi su ne don mai waya ya riƙa canzawa da kansa. Daga nan ƙananan kusoshi shida, da sukudireba mai bakin tauraro lamba T6, wadda na aro a shagon Maigida.

Abin da ya fi burge ni shi ne kusan babu abin da aka liƙa da gam ko aka ɗaure da dalma a wajen inji. Sifika, ɗan injin jijjiga, eriyar ciki, gidan caji da ke ƙasa tare da mawusfis, duk zama kawai suke yi a gurbinsu, ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa suna danna injin. Ka cire kusoshin nan, wayar ta watse gida-gida a kan tebur. Wayoyin da nake koyon gyara a shago sai an gasa bayansu kafin su buɗe, batir ma a liƙe yake. Wannan kuwa wanda ya ƙera ta ya san wata rana wani zai buɗe.

Amma wannan tsari shi ne kuma inda ciwonta yake. Duk wurin da ƙarfe ke danna ƙarfe, datti da tsatsa na iya shiga tsakani. Na wanke injin da sifirit da buroshin haƙori, na bar shi ya sha iska. Sifirit da buroshi, naira 1,500.

Laraba, 8 ga Janairu

Na jona ta a na'urar ba da wuta ta shago a kan bolt 3.8. Shiru. Maigida ya leƙo ya ce, "Kai, wannan ba irin na yanzu ba ce. Ƙafafun batir ɗinta huɗu ne, ka ba ta biyu kana jira ta tashi?"

Biyu na gefe su ne wuta da ƙasa. Biyu na tsakiya, ɗaya na gaya wa waya wane irin batir ne ta hanyar wani ɗan rezisto da ke cikin batir ɗin, ɗayan kuma na gaya mata zafinsa. Da muka jona mata ƙafafun tsakiya da na tsohon batir, koren haske ya kama, hannuwan nan biyu suka fito suna gaisawa. Injin na da rai.

Ta nemi lambar sirri. Baffa bai taɓa canzawa ba, 12345 ɗin da take zuwa da shi daga kamfani ya buɗe ta.

Asabar, 11 ga Janairu

Kasuwar waya. Na yi yawo sosai kafin na sami mai tsofaffin kaya a can lungu. Na sayi batir mai tambarin BLC-2 a naira 3,500, da caja ACP-7 mai baki uku a 2,000, da wata matacciyar 3310 a 4,000 don ciro kayan gyara. Cajar ta asali ce, nauyinta ya nuna, domin taransifoma ce a ciki. An rubuta bolt 3.7 da miliamfiya 355 a jikinta. Bakinta mai kauri ne, milimita 3.5, ba siririn da Nokia ya koma yi daga baya ba.

Litinin, 13 ga Janairu

Sikirin ya fara wasa. Rubutu ya dushe, wani lokaci ya ɓace gaba ɗaya sai koren haske, in na danna saman firam ɗin ya dawo. Shi ma ba dalma ce ta riƙe shi ba, ƙafafu takwas ne ke danna injin. Na goge wuraren da suke sauka da abin goge fensir, na bi da sifirit, na ɗan ɗago ƙafafun da bakin allura, na ɗaure kusoshin sama biyu da kyau. Ya tsaya.

Ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye, jimilla 4,032, kowanne ko dai baƙi ko babu. Duk hoton da ke fuskar wayar bayit 504 ne, bai kai rabin kilobayit ɗaya ba. Layi biyar na rubutu yake ɗauka. Guntun da ke tuƙa shi PCD8544 ne na kamfanin Philips, irin wanda ke cikin Nokia 5110, shi ya sa har yau ɗaliban lantarki ke sayen irin wannan sikirin suna haɗawa da Arduino, ɗan allon koyon haɗa na'urori. A tsakar rana ya fi na babbar wayata karantuwa, don hasken rana taimakonsa yake yi, ba gasa yake da shi ba. Ga mai aiki a gona wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Alhamis, 16 ga Janairu

Rigimar layi. 3310 babban sim take ɗauka, mai milimita 25 da 15, a ƙarƙashin batir. Nawa ƙarami ne na yanzu. Na sa shi a adafta ta naira 300, waya ta ce a saka sim. Na cire, na goge, na mayar, maganarta ɗaya.

Ashe ba faɗi kawai aka rage wa ƙaramin sim ba, har da kauri. Tsohon 0.76 ne na milimita, sabon 0.67. Bambancin bai kai kaurin takarda biyu ba, amma ya isa ƙafafun su kasa taɓa shi yadda ya kamata. Na manna salatif a bayansa, ya cika gurbin, sunan kamfanin layi ya fito, sandunan sabis suka hau ta gefen hagu. Gargaɗi ga mai son gwadawa: kada a tura adafta babu sim a cikinta, bakin ramin na kama ƙafafun ya karya su. Matacciyar da na saya abin da ya same ta ke nan, biyu sun tafi.

*310# ya nuna kuɗin da ke layi, *311* da lambar kati ya loda naira 500. *#06# ya ba da lambar IMEI, lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta takardar baya, wato ba a taɓa canza mata inji ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Babbar matsala. A ajiye lafiya lau, batir cike, sanduna huɗu. Ina danna kira, kafin ta shiga, sai ta mutu ɗif. In kunna, batir ya sake nuna cike. Aka kira ni, ta yi ƙara sau ɗaya ta sake mutuwa.

Na fara zargin inji. Wayoyin wannan zuri'a, da masu gyara ke kira DCT3, suna da guntu mai rabon wuta da ake ce wa CCONT, da wani mai kula da caji, CHAPS, da COBBA mai kula da murya, da HAGAR na ɓangaren sabis, sai ƙwaƙwalwar kanta, MAD2. Tsofaffin masu gyara sun ce in waya ta sha faɗuwa dalmar ƙarƙashin CCONT kan saki. Har na ɗauko na'urar hura zafi, Maigida ya ce in dakata, in mayar da ita kan na'urar ba da wuta in sake kira. Kira ya shiga, muka yi magana da yaron shagon gaba har ya gaji. Inji ba shi da laifi.

Dalilin yana cikin yadda GSM ke aiki. Waya ba ta aika murya a miƙe. An raba kowace tasha gida takwas, waya takwas na karɓa-karɓa, kowacce na da ɗan lokacinta da ya wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa da kaɗan, sau 217 a kowace daƙiƙa. A wannan ɗan lokacin take zuba duk ƙarfinta, har wat 2 a zangon sabis na 900 MHz, wat 1 a na 1800 MHz. Wannan bugun ne ake ji "dit-dirit-dirit" a rediyo ko lasifikar masallaci in waya na kusa kuma kira zai shigo. Kowane bugu na iya jan wutar da ta doshi amfiya biyu daga batir. Batir mai rauni yana iya riƙe wayar da ke zaune, amma da aka fizge shi haka sai bolt ɗinsa ya faɗi, waya ta ɗauka ya ƙare, ta kashe kanta.

Na fasa sabon batir ɗin. A ciki wani ɗan mitsitsin batir ne da bai cika rabin gidan ba, an cike sauran da soso. A waje an buga 1000 mAh, ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa. Na koma wurin mai kayan, ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuma abin da aka fasa ba a mayarwa. Naira 3,500 ta tafi, sai dai gidan da ƙafafunsa za su yi amfani.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ban taɓa ta ba. Biki.

Laraba, 22 ga Janairu

Shawarar da muka yanke ita ce a gina batir. Iri biyu aka yi wa wayar nan. Na Baffa BMC-3 ne, mai 900 mAh, ƙananan batura uku na nikel a jere, kowanne bolt 1.2, suka ba da 3.6. Ɗayan shi ne BLC-2 na lithiyam, wanda ya fi sauƙin nauyi. Yadda ake cajin nikel daban da na lithiyam, kuma da rezistan nan na ƙafar tsakiya waya ke gane wanda aka sa mata. Saboda haka ba a zuba lithiyam a gidan BMC-3 a bar rezistansa, waya za ta yi masa cajin da ba nasa ba, lithiyam kuwa ba ya yafe irin wannan.

Sa'a ɗaya, matacciyar wayar ta zo da mataccen BLC-2 na asali. Na ciro ɗan allonsa mai rezisto da na'urar jin zafi, na sayi BL-5C mai kyau a naira 3,000, irin na Nokia 1100, mai 1020 mAh, na jona da gajerun wayoyi masu kauri. Ya shige gidan da 'yar tazara, na tokare da kwali. Na bar allon kariyar BL-5C ɗin yadda yake.

Kira ya shiga, ya zauna. Na shige can cikin ɗaki inda sabis ke sanda ɗaya, wurin da waya ta fi zuba ƙarfi, nan ma ba ta mutu ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Canjin ƙananan kaya. Robar maɓallin kunnawa da ke sama ta lotse, na sa ta matacciyar. Gidan caji ma na canza, don wanda na kira ya ce yana ji na kamar daga cikin rijiya, kuma mawusfis ɗin a nan yake zaune. Murya ta washe. Sabon kesin da madannai, naira 2,500. Ba na asali ba ne, robar ta fi sirantaka, murfin baya na ɗan motsi. Na mayar da tsohon murfin gaba, shi ya fi zama daram.

Talata, 28 ga Janairu

Gwajin batir na tafiya. Cike na cire ta daga caji, kira biyu ko uku a yini, ban kashe ta da dare. A takarda Nokia ya ce awa 55 zuwa sama da 200 a ajiye, magana kuma awa biyu da rabi zuwa huɗu da rabi. Tazarar ta yi yawa ne saboda sabis: inda eriya ke nesa waya ta fi cin wuta.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na kira Baffa a wayar maƙwabcinsa don in faɗa masa inda aka kwana. Tambayarsa ta farko, "Tana da tocila?"

Na ce, "Baffa, taku ba ta taɓa yin tocila ba. Wadda kuke tunawa 1100 ce, ta 2003."

"To rediyo fa?"

"Babu, Baffa. Sai dai ku ci gaba da taku ta rataye."

Ya yi dariya ya ce in dai tana kira kuma tana tashinsa da asuba, ya yafe sauran. Tana tashi kuwa. Agogon ƙararrawarta na bugawa ko an kashe wayar, na gwada, ta farka da kanta ta yi ƙara, sannan ta tambaya ko a kunna ta. Sahur ya samu. Abin lura kawai, in aka cire batir lokaci na gogewa, sai an sake saitawa. Zan gaya wa jikansa.

Sauran abin da ke cikinta: kalkuleta da mai juya kuɗin ƙasashe, agogon gudu, tunatarwa, sautin kira 35 da gurbin ƙarin bakwai, har da wurin da mutum ke haɗa nasa sautin da madannai. Tana kiran mutum takwas da murya, ka faɗi suna ta buga. Wasanni huɗu, Snake II, Space Impact, Pairs II da Bantumi, wanda ake zuba 'ya'ya a ramuka shida-shida irin ayo na Yarabawa. Na buɗe macijin don gwada madannai kawai, shayina ya huce.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Batir ya sauko zuwa sanda ɗaya bayan ya haura mako. Babbar wayata mai 5000 mAh, ninki biyar na wannan, da kyar take kai magariba. Ba wani sihiri ba ne. Wannan ba ta da intanet, ba manhajar da ke aiki a ɓoye, haskenta 'yan ƙananan fitilu ne da ke mutuwa bayan 'yan daƙiƙu. Yawancin lokaci barci take, ta ɗan farka ta saurari eriya ko ana nemanta, ta koma.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wata sabuwa. A garin su Baffa mai cajin waya da sola yake aiki, ramukan USB ne jere a kan katako, ba soket mai baki uku. Na sayi igiyar USB mai bakin 3.5 a naira 1,000. Na jona, sandar batir ta fara hawa, can sai waya ta rubuta ba ta caji. Na canza kan caja, na gwada fawa bank, duk ɗaya.

Na auna ACP-7 ba tare da waya ba, mita ta nuna sama da abin da aka rubuta a jikinta nesa ba kusa ba, haka cajar taransifoma take in ba kaya a kanta. Cajar Nokia da ta zo daga baya, ACP-12, bolt 5.7 take bayarwa. USB kuwa 5 ne, siririyar igiya ta ci wani abu a hanya, abin da ke isa wayar bai gamsar da ita ba. Na sayi ɗan allon ɗaga wuta a naira 1,500, na yanke igiyar na sa shi a tsakiya, na murɗa shi zuwa 5.7, na rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Ta karɓa har ta cika, batir bai yi zafi ba. Na ɗiga gam a kan abin murɗawar don kada wani yaro ya juya.

Talata, 11 ga Fabrairu

Lambobi. 3310 ba ta ajiye suna a cikinta, komai a sim yake, sai 3330 ta 2001 ce ta zo da gurbin suna 100 a waya. An turo mini hoton littafin da Baffa ke rubuta lambobi, na shigar da su a layinsa ɗaya bayan ɗaya, da gajerun sunaye don gurbin suna a sim ba shi da tsawo. Na ɗora 'ya'yansa a kan 2 zuwa 6, ya danne lamba ɗaya ya riƙe, ta kira.

Na kashe T9, mai cankar kalma, don ba ya jin Hausa, sai ya mayar da rubutu shirme. Saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma tana haɗa uku ta kai 459, abin da ya sa matasan wancan lokaci suka so ta. Na tura mata saƙo mai ƙ da ɗ daga babbar waya, haruffan ba su fito ba. Na gaya wa 'yan gida su riƙa rubuta masa da k da d.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Lissafi: naira 19,800, har da batir ɗin soso. Kuɗin ya isa sabuwar ƙaramar waya mai tocila da rediyo da layi biyu, Maigida ma bai fasa tuna mini ba. Na ce masa sabuwar ba ita Baffa ya nema ba, kuma yatsunsa sun haddace wannan, ko ba tabarau yana kira.

Abin da ba ya hannuna shi ne sabis. Zango biyu kawai take ji, 900 da 1800, wato 2G zalla. Singafo ta rufe 2G a 2017, Ostireliya ta gama rufewa a 2018, a can wannan waya ba ta da aiki sai wasan maciji. A nan har yanzu 2G na aiki, kuma zangon 900 ya fi dogon zango da ratsa bango, shi ne ke riƙe da ƙauyuka da yawa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na kai ta da kaina. A tsakar gida sanda uku, a ɗakin Baffa biyu, a gona ta bayan gari ɗaya, kuma kira ya shiga daga can ba yankewa. Mai caji ya karɓi igiyar, na nuna masa ba a haɗa ta da wata waya. Cajar bango na wurin jikan.

Saura murfin baya na asali, don na kasuwa ya fara buɗewa in ta faɗi, yanzu kyauro ne ke riƙe da shi. Mai tsofaffin kaya ya ce in leƙo bayan sallah. Injin matacciyar kuma zan gwada canza masa gidan sim. A ƙarƙashin batir akwai ɗigo huɗu na tagulla, hanyar da ake haɗa wayar da kwamfuta ta FBUS da MBUS. In ya tashi zan haɗa masa igiya in gwada karanta shi da gnokii, manhajar kwamfuta mai magana da wayoyin Nokia, kafin nan sai na nemo adaftar USB mai aiki da bolt 3.3.